Ƙasa Ta Mai Ita, Naman Daji Na Kowa: Tarihin Farautar Barewa Mai Kunnen Alfadari A Yammacin Amurka

Da yawa daga cikinmu da muka je gida hutun babbar Sallah mun ji kukan da dattawan maharba ke yi, cewa hanyoyin da farauta ke bi a da, idan an gama ɗauke amfanin gona, yanzu duk sun toshe. Inda a da fili ne fetal, mutum ya bi sawun gada ko zomo daga wannan saura zuwa waccan babu mai ce masa kanzil, yau shingen waya ne ko katangar bulo, kuma mafi yawan masu shingen nan mu ne, 'ya'yan gari mazauna birane. Maharbi na ganin an tare masa hanyar kakanninsa, mai gona kuwa na ganin da guminsa ya saya, don haka ba zai zuba ido karnuka su tattake masa dashen mangwaro ba. Kowannensu yana da abin faɗa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace a fitowar bana mu kawo tarihin wasu mutane da suka shafe sama da shekara 150 suna irin wannan jayayya, har ta kai su ƙofar kotun ƙolinsu, wato mutanen yammacin Amurka, tare da ɗaya daga cikin dabbobin da suka fi farauta.

Dabbar da muke magana a kanta babu irinta a dazuzzukanmu. Mun kira ta barewa ne don ita ce mafi kusa da ita cikin abin da muka sani, amma ta fi barewarmu girma nesa ba kusa ba, domin ƙosasshen namiji yakan haura kilo 100. Ƙahon barewarmu guda ne tun tasowa har mutuwa, ita kuwa wannan namiji kaɗai ke da shi, yana rabuwa biyu-biyu kamar rassan itace, ya faɗi a ƙarshen hunturu, sabo ya tsiro kafin wata kakar. Kunnuwanta fatan-fatan ne, shi ya sa Turawa suka laƙaba mata sunan alfadari. Idan ta firgita takan yi tuma da ƙafa huɗu a lokaci guda, tana dira tana tashi, da haka take haye duwatsu da kwazazzabai inda mai bin ta zai sha wuya.

Ƙabilun asali na nahiyar sun san ta shekaru aru-aru, suna cin namanta suna ɗinka sutura da fatarta. Amma shigarta cikin rubuce-rubucen Amurkawa ta biyo bayan sayen yankin Louisiana daga hannun Faransa a 1803, lokacin da Shugaba Thomas Jefferson ya tura ayarin bincike ƙarƙashin Meriwether Lewis da William Clark. Ran 17 ga Satumba 1804 wani ɗan ayarin mai suna John Colter ya harbo guda a kusa da kogin Missouri, cikin jihar da yau ake kira South Dakota, a watan Mayu 1805 kuma Lewis ya rubuta ta da sunan da ya bi ta har yau.

Na wa ne naman daji?

Ba za a fahimci rigimar ba sai an waiwaya Ingila, inda kakannin yawancin Amurkawan farko suka fito. Tun zamanin Sarki William, wanda ya ci ƙasar da yaƙi a 1066, aka keɓe manyan dazuzzuka don farautar sarki, daga baya kuma farauta ta zama gata na masu manyan filaye. A 1723 majalisar Ingila ta yi dokar da ta yanke hukuncin kisa ga wanda aka kama cikin daji da makami, ya ɓad da kama, yana neman barewa. Talakan da ya tsallaka teku ya bar wannan hali a baya bai yarda a sake ɗora masa shi ba. Saboda haka al'adar da ta kafu a sabuwar ƙasar ita ce, duk filin da ba a killace ba, ba a kuma noma ba, kowa na iya shiga ya yi farauta. A 1818 wata kotu a jihar South Carolina ta ba maharbi gaskiya a kan mai fili, duk da cewa mai filin ya hana shi shiga baki da baki. Mai karatu zai ga wannan bai yi nisa da abin da muka tashi muka tarar a gida ba.

Kotun ƙolin Amurka ta ƙara wa wannan ƙarfi a shari'u biyu, ɗaya a 1842 ɗaya a 1896, inda ta nuna cewa dabbar dawa amana ce a hannun gwamnatin jiha domin jama'a baki ɗaya. A 1979 kotun ta warware wani ɓangare na hukuncin 1896 wanda ya shafi ciniki tsakanin jihohi, amma tushen maganar bai gushe ba. Barewar da ke kiwo a gonar mutum ba tasa ba ce, ba shi da ikon harbinta sai da lasisi kamar kowa. Sai dai kuma ƙasar da take tsaye a kai tasa ce, kuma sannu a hankali dokokin jihohi suka ba shi ikon hana kowa taka ta. A tsakanin waɗannan haƙƙoƙi biyu duk tarihin da za mu bayar yake.

Yadda aka raba ƙasar yamma shi ya tsananta lamarin. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba duk wanda ya zauna ya raya fili tsawon shekara biyar eka 160 kyauta. Yamma ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, don haka waɗanda suka riga zuwa suka kama bakin rafuka da kwaruruka, aka bar wa gwamnati tsaunuka da faƙo. Har yau kusan rabin jihar Wyoming da wajen kashi 80 cikin 100 na Nevada a hannun gwamnatin tarayya suke, alhali a Texas fiye da kashi 90 cikin 100 mallakar ɗaiɗaikun mutane ne. Ita kuwa barewa ba ta san iyaka ba. Lokacin zafi tana kan tsaunuka, a ƙasar gwamnati, da dusar ƙanƙara ta fara sauka sai ta gangaro kwari, inda take cin wani tsiro ɗan uwan tazargade, ta kuma faɗa wa gonakin ciyawar da makiyaya suka shuka don shanunsu. Lokacin farauta kuwa, watannin Oktoba da Nuwamba, shi ne daidai lokacin wannan gangarowa. Da Joseph Glidden ya yi rajistar wayarsa mai ƙaya a 1874, killace fili mai faɗin gaske ya zama abu mai araha, shekara goma ba ta cika ba sai ga shinge ko'ina.

A daidai wannan zamani ne aka yi wa namun daji kisan kiyashi. Masu haƙar zinariya da leburorin hanyar jirgin ƙasa suna bukatar nama, kasuwannin gabas suna bukatar fata, sai harbi ya zama sana'a babu ƙaidi. Ɓaunar Amurka, wadda take miliyoyi, ta ragu zuwa 'yan ɗaruruwa kafin 1890, barewa ma ta yi wuyar gani a wurare da dama. Abin lura shi ne maharba ne da kansu suka fara ihu. A 1887 Theodore Roosevelt da George Bird Grinnell suka kafa ƙungiyar Boone and Crockett, wadda ta matsa a hana cinikin naman daji, a kuma ƙayyade lokaci da adadin abin da mutum zai harba. A watan Mayu 1900 aka yi dokar Lacey, wadda ta haramta ketare iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa doka ba.

A nan tarihinsu ya ɗan gogi namu. A cikin wannan wata na Mayu 1900 ne ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka rattaba hannu a Landan kan yarjejeniyar kare namun dajin Afirka, watanni kaɗan bayan Ingila ta shelanta mulkinta a kan Arewacin Nijeriya. Daga wannan tunani ne dokar kare namun daji ta 1916 ta fito a ƙasarmu, sannan aka keɓe dajin Yankari a 1956, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi tata dokar a 1963. Bambancin shi ne, a can maharba ne suka nemi doka, suka kuma zama masu tsaron ta, a nan kuwa daga sama ta sauko wa maharbi, ba a nemi shawarar Sarkin Baka ko Sarkin Dawa ba. A namu ganin wannan na cikin dalilan da suka sa har yau maharbinmu ke kallon dokar daji a matsayin abin Bature.

Abin da ya faru a Kaibab

Kada a ɗauka Amurkawa sun gane hanya tun farko. A 1906 Roosevelt, wanda a lokacin ya zama shugaban ƙasa, ya keɓe tudun Kaibab da ke arewa da babban kwazazzabon Grand Canyon a jihar Arizona, inda aka ƙiyasta saura barewa wajen 4,000. Aka hana farautarta ɗungurungum, aka kuma ɗauki maharba aikin kashe duk abin da ke cin ta. Cikin shekara talatin da 'yan kai an kashe damisar dutse fiye da 800 da dilolin ƙasar fiye da 7,000, aka ƙarar da kyarkeci. Barewa ta yi ta hayayyafa har ta cinye tsirrai ƙarƙaf, ta koma gwaguyar rassa iya inda bakinta ya kai. Wani ƙiyasi ya ce ta kai 100,000 a 1924, ko da yake a 1970 masani Graeme Caughley ya nuna cewa alƙaluman ba su da tushe mai ƙarfi, kuma rage shanu da tumaki da aka yi a wurin shi ma ya taimaka wajen yawaitar. Abin da babu gardama a kansa shi ne, a hunturun 1924 da wanda ya biyo baya dubbai sun mutu da yunwa.

Har abin dariya sai da aka yi. A watan Disamba 1924 wani mutum mai suna George McCormick ya yi alkawarin koro dubban barewa kamar garken shanu, ya gangara da su kwazazzabon, ya ketare kogin Colorado da su zuwa ɗaya gefen. Ya tara mutane fiye da 100, cikinsu har da 'yan ƙabilar Navajo, suka jeru suna kaɗa ƙararrawa suna ihu. Duk maharbin da ya taɓa shiga farautar gayya a wajenmu zai iya gaya masa yadda za a ƙare: dabbobin suka riƙa ratsa tsakanin mutane suna komawa baya, guguwar ƙanƙara ta taso, aka watse ko ɗaya ba a ketarar ba. Daga nan gwamnatin tarayya ta ce a harbe wasu don ceton dajin, gwamnan Arizona George Hunt ya ce ba ta isa ba tun da dabbobin amanar jiha ne, sai a 1928 kotun ƙoli ta ba tarayya gaskiya.

Gyara na haƙiƙa ya zo ne ta hanyar kuɗi. Dokar Pittman da Robertson ta 1937 ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsashi, wanda yake kashi 11 cikin 100, ta ce a raba wa jihohi don kula da namun daji, bisa sharaɗin kada jiha ta karkatar da kuɗin lasisin farauta zuwa wani aiki daban. Da wannan aka ɗauki masana aiki, aka fara ƙidayar dabbobi kowace shekara kafin a yanke yawan lasisin da za a bayar. Barewa ta farfaɗo har ta kai ƙololuwar yawa a shekarun 1950 da 1960. Daga baya ta sake ja da baya saboda fari, da gine-gine, da tituna, da kuma wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwa wadda aka fara gani a 1967 cikin barewar da ake tsare da su don bincike a Fort Collins ta jihar Colorado, wadda har yanzu ba a samo maganinta ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Wannan dogon tarihi shi ya haifar da tsarin da mai niyyar farauta ke bi a yau, kuma shirin yakan ci shekara guda ko fiye. Da fari sai ya sami takardar shaidar horo kan riƙe bindiga da dokokin daji. A Colorado wajibi ce ga duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1949. Sannan ya nemi lasisi. An yanka kowace jiha gunduma-gunduma, kowace da adadin da za a harba, kuma tun da masu nema sun fi lasisin yawa, ƙuri'a ake jefawa, galibi a nema tsakanin Afrilu da ƙarshen Mayu. A jihohi da dama wanda bai dace ba akan ba shi maki ya tara don baɗi, akwai gundumomin da mutum kan jira sama da shekara goma. Lasisin ya fayyace gunduma, da ranaku, da irin makami, da ko namiji ne ko mace za a harba.

To, amma lasisi bai buɗe ƙofar gonar kowa ba. A Montana da Colorado da Wyoming dole ne a nemi izinin mai fili ko da bai kafa alamar hani ba, a North Dakota kuwa tsohuwar al'ada ta saura, fili a buɗe yake sai in mai shi ya sa alama, kuma tun 2021 yana iya sa alamar ta intanet. Neman izinin iri-iri ne. Akwai na zumunci, inda maharbi kan je tun watanni kafin lokaci ya gaida makiyayi, ya taya shi gyaran shinge, in ya yi sa'a ya kawo masa cinya. Akwai biyan kuɗin shiga na 'yan kwanaki, akwai kama hayar fili na shekara, wanda ya fi yawa a Texas, akwai kuma bin ɗan jagora wanda ya riga ya kama hayar, ya haɗa wa baƙo masauki da abinci a kan dubban daloli. Masu hankali kan sa a rubuta sharuɗɗan: iyakar filin, hanyoyin da mota za ta bi, inda shanu suke, mutum nawa za su shiga, da abin da za a yi idan dabbar da aka raunata ta tsallaka gonar maƙwabci, domin bin jini bai halatta ketare shinge ba sai da sabon izini. Barin nama ya ruɓe a daji don an ɗauki ƙaho kawai laifi ne da kan jawo tara da ƙwace lasisi.

Kowa zai ga inda wannan ya dosa. Idan dabba ta jama'a ce amma ƙofar da ake kai wa gare ta ta mai kuɗi ce, to a aikace an koma Ingilar da aka gudo. Jihohi sun gane haka, suka nemi tsakatsaki. Colorado na ware wani kaso na lasisi ga mai filin noma ko kiwo da ya kai eka 160, don ya ga amfanin dabbobin da ke cinye masa ciyawa. Wyoming na maƙala wa lasisi wata 'yar takarda da maharbi ke miƙa wa mai fili idan ya yi kisa a gonarsa, shi kuma ya kai wa hukuma ta biya shi. Wanda ya fi burge mu shi ne tsarin da Montana ta fara a 1985, inda hukuma ke biyan mai fili daga kuɗin lasisi gwargwadon yawan maharban da suka shiga, shi ya gindaya sharuɗɗansa, maharbi ya sa hannu a littafi ya shiga kyauta. Filayen da ke cikin tsarin sun kai wajen eka miliyan 7. Tabbas dokarmu daban ce, tun da dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa amana a hannun gwamna, kuma babu wani asusun lasisi da za a biya mai gona daga ciki. Amma sa rana, da neman izini, da sanin wanda zai biya in an yi ɓarna, duk abubuwa ne da mai unguwa da shugaban maharba da masu shinge za su iya zama su tsara a zaure guda.

Shari'ar tsani

Rigima mafi zafi ta zamanin nan tushenta na cikin wata doka ta 1862, wadda aka faɗaɗa a 1864. Don a ƙarfafa wa kamfanonin da ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, gwamnati ta yanka ƙasar da ke gefen layin gida-gida, kowane gida mil ɗaya tsawo mil ɗaya faɗi, wato eka 640, ta ba kamfani ɗaya ta riƙe ɗaya, har nisan mil 20 dama da hagu. A taswira sai ka ga kamar allon wasan dara na Turawa, baƙi da fari. Daga baya kamfanoni suka sayar da nasu ga makiyaya, sai ya zamana gidan gwamnati ba ya taɓa ɗan uwansa sai a kusurwa. Wanda ya mallaki farare, in ya hana wucewa, ya mallaki baƙaƙen ma ba tare da ya biya ko sisi ba. Tun 1885 majalisa ta yi dokar hana killace ƙasar jama'a, amma tambayar ko mai tafiya a ƙasa zai iya taka kusurwa ya tsallaka ta zauna babu amsa fiye da ƙarni guda. Wani bincike da kamfanin taswira na onX ya fitar a 2022 ya nuna eka miliyan 8.3 na ƙasar jama'a ne ke kulle ta wannan hanya.

A kakar 2020 da ta 2021 wasu maharba daga jihar Missouri suka je tsaunin Elk a Wyoming, inda wani attajiri ke da makeken gandun kiwo. Ma'aikatan gandun sun kafa ƙarafa biyu ɗaure da sarƙa a kan kusurwar farko. A zuwansu na biyu, su huɗu, sai suka taho da tsani mai ƙafa biyu da suka ƙera, suka kafa ƙafa ɗaya a gidan gwamnati na nan, ɗaya a na can, suka haye ta sama ba su taka ko taƙi ɗaya na ƙasar attajirin ba. Aka gurfanar da su da laifin kutse, a watan Afrilu 2022 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke su. Kamfanin mai gandun ya shigar da ƙarar neman diyya ta miliyoyin daloli, bisa hujjar cewa iskar da ke saman filinsa ma tasa ce, kuma kafaɗunsu sun ratsa ta. A watan Mayu 2023 alƙalin tarayya ya yi watsi da hujjar, ran 18 ga Maris 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin tana dogaro da dokar nan ta 1885, a watan Oktoba 2025 kuma kotun ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar. Hukuncin ya ɗaure jihohi shida da ke ƙarƙashin waccan kotu, wato Wyoming da Colorado da Utah da New Mexico da Kansas da Oklahoma. Montana da Nevada da Idaho suna ƙarƙashin wata kotun ɗaukaka ƙara daban, don haka bai hau kansu ba.